Kawuna ya ce karatun girgizar ƙasa ɓata lokaci ne, in canza fanni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kammala digirin farko a injiniyancin gine-gine. Burina in yi digiri na biyu da na uku kan ginin da ke jure girgizar ƙasa, in dawo in koyar a jami'a. Amma kawuna, wanda ya daɗe yana kwangilar gini, ya ce ƙasarmu ba ta girgiza, zan ƙare da ilimin da ba mai nema. Maganar ta hana ni barci. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, kada ka canza. Ka ƙarfafa lissafin motsin gini, ka lazimci Eurocode 8, wato ƙa'idar Turai ta tsara ginin da ke jure girgizar ƙasa, ka nemi gurbin mataimakin malami tun yanzu. Wuraren zurfafawa sanannu ne: Pavia a Italiya, Jami'ar Canterbury a New Zealand inda malaman injiniyanci Park da Paulay suka bunƙasa ƙa'idar tsara inda gini zai fara sallamawa, ko Japan inda aka gina teburin girgiza na E-Defense, wanda ake gwada gine-gine a kansa, bayan girgizar birnin Kobe ta 1995.

Maganar kawunka ce ta dame ni, don kusan kullum nakan ji ta a bakin 'yan kwangila. Da farko ba gaskiya ba ce ɗungurungum. Accra, babban birnin Ghana, ta girgiza a 1939, gidaje suka rushe, mutane suka mutu. Mpape a Abuja ta motsa a Satumbar 2018 har mutane suka fice daga gidajensu. Amma ko da ƙasa ba ta taɓa motsi ba, illar wannan magana tana wani wuri: da ita ake fakewa a rage ring, wato zoben ƙarfen da ke ɗaure rodi, a cikin pila.

Mutanenmu sun ɗauka ƙarfin gini yana cikin yawan siminti da kaurin rodi. Sai ka ga an zuba rodi mai kauri, amma ring ɗin da ya kamata ya matse kankare an watsa shi tazara mai nisa, an lanƙwasa bakinsa digiri 90 maimakon 135, don a tsira da 'yan kuɗi. Ranar da nauyi ya zo daga gefe, kankare ya fashe, bakin ring ya buɗe, rodin ya bauɗe waje, pila ta durƙushe a take. Ga kuma wata al'ada: a bar ƙasan bene fili don shaguna ko ajiye motoci, a jibga bulo a sama. Wannan hawa na ƙasa shi ke fara ninkewa, kamar yadda aka gani a gine-gine da yawa a girgizar Turkiyya ta ranar 6 ga Fabrairun 2023.

Dubi 2010. Girgizar Haiti ta kai maki 7.0, ta hallaka mutane sama da dubu ɗari. Wata guda da rabi bayanta Chile ta sha mai maki 8.8, wadda ta fi ta ƙarfi ninkin ba ninkin, amma mutanen da suka rasu ɗari biyar ne da 'yan kai. Babban bambancin yana cikin dokar gini da kuma bin ta.

Mu kuwa benayenmu na faɗuwa ba tare da ƙasa ta motsa ba. Bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ya danne mutane fiye da arba'in. Duk wanda ya iya tsara pilar da za ta lanƙwasa ba ta karye ba, ya iya gano pilar da za ta ci amanar masu gida tun ana ɗaura ƙarfe.

Ka gaishe da kawunka da ladabi, ka roƙe shi ya bar ka ka auna tazarar ring a aikin da yake yi yanzu, kafin a zuba kankare. Rai amana ce, kuma wanda ya rage ƙarfe a ɓoye zai amsa tambaya a gaban Allah.