Wai ƙwayoyin kitse ma suna da lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibar koyon aikin ungozoma ce daga Aboabo, a Kumasi. An koya mana cewa jarirai suna da wani kitse mai ruwan ƙasa da ke ɗumama jikinsu, kuma wai homon yana sauya lantarkin ƙwayoyinsa. Ni dai a sanina jijiyoyi da zuciya ne kaɗai masu lantarki. Yaya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kowace ƙwayar halitta mai rai tana da ɗan lantarki a jikin fatarta, domin cikinta da wajenta ba su da gishiri iri ɗaya. Fotasiyam ya fi yawa a ciki, sodiyam da kalsiyam sun fi yawa a waje. A fatar akwai 'yan ƙofofi, kowace da irin gishirin da take bari ya wuce. Ƙwayar kitse mai ruwan ƙasa, idan tana hutawa, cikinta yana ƙasa da wajenta da kimanin milibolt (ƙaramin ma'aunin lantarki) 50 zuwa 60. Ita dai ba ta harba saƙo irin na jijiya, sai dai ma'auninta ya hau ya sauka a hankali.

Da sanyi ya taɓa fatar jariri, ƙwaƙwalwa kan umarci jijiyoyin da suka ratsa kitsen su saki noradiranalin, homon ɗin da kike tambaya a kai, ɗan'uwan adiranalin. Shi kuma yana da masauki iri biyu a jikin ƙwayar, alfa da beta.

Na alfa shi ne ya fi shafar tambayarki. Da an taɓa shi, sai kalsiyam da ke ajiye a cikin ƙwayar ya fito. Kalsiyam ɗin ya buɗe ƙofofin wani gishirin mai suna kulorayid, kulorayid ya fice, tazarar lantarkin da ke tsakanin ciki da waje ta ragu cikin 'yan daƙiƙu. Sannan ƙofofin fotasiyam su buɗe, shi ma ya fice, tazarar ta sake faɗaɗa. Bayan nan sai wata raguwar ta biyo sannu a hankali, ta daɗe. Ana iya ganin wannan ne da wani siririn bututun gilashi da ake mannawa a fatar ƙwaya guda, a saurari ƙofa ɗaya tak tana buɗewa tana rufewa. Dabarar ce ta kawo wa Erwin Neher da Bert Sakmann na Jamus kyautar Nobel a 1991.

Zafin kansa kuwa ta hanyar beta yake zuwa. Ita ce ke sa a fasa maiƙon da ke cikin ƙwayar, maiƙon ya tayar da furotin mai suna UCP1 a cikin maitokondiriya, inda ake sarrafa abinci ya zama ƙarfi. Ki ɗauki madatsar ruwa ta Akosombo: ruwan da ya bi ta injin shi ke ba da wuta, amma in aka buɗe ƙofar ambaliya sai ya wuce kawai. UCP1 ita ce wannan ƙofar, ƙarfin da ya bi ta cikinta zafi yake komawa. Homon ɗin tayirod yana ƙara yawan UCP1, kitsen da kansa yana juya nau'in homon ɗin mai suna T4 ya koma T3 mai ƙarfi. Ni a ganina nan ɗalibai suka fi ruɗewa, suna zaton lantarkin fatar ƙwaya ne ke samar da zafin. A gwajin da aka yi da ƙwayoyin ɓeraye, toshe ƙofofin fotasiyam bai hana su ƙona maiƙo ba, amma ya rage wa ƙwayoyin hayayyafa.

Manya ma suna da ragowar wannan kitse a wuya da saman ƙashin wuya, kamar yadda wani bincike na 2009 ya tabbatar, amma kada wannan ya sa ki yarda da masu tallar shayin rage ƙiba a Facebook.

A ɗakin haihuwa abin zai yi miki amfani. Jariri ba ya iya rawar ɗari yadda ya kamata, da wannan kitsen na tsakanin kafaɗu da kewayen ƙoda ya dogara, kuma ƙona shi yana cinye sukari da iskar oksijin. Bakwaini ma nasa kaɗan ne. Saboda haka, musamman da asubar hunturu, a tsane jariri da zarar ya faɗo, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata. Ki lallashi kaka ta jinkirta wankan farko har awa 24, ki kuma tabbata zafin jikinsa yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5.