Tambayi Kawu: Dodon da ba ya ajiye layar zana

Kawu, mu shida ne muke buga wasan tatsuniya na tebur mai suna Dungeons & Dragons a tsakar gidanmu duk daren Asabar. Mai jan mana wasa ya haɗa mu da wani dodo, Oni, ya ce tun safe a ɓace yake, kuma ya lulluɓe kansa da duhu, wai littafi ya ce yana iya yi duk sanda ya ga dama. Haka ya kashe mana jarumai biyu. Mu haɗa kuɗi mu sayi littafin dodanni mu kama shi da hujja? Daga wani ƙaninka a Nima, Accra.

Ƙanena, abokinku ya karanta rabin layi ne. "Duk sanda ya ga dama" na nufin tsafin ba ya ƙarewa, ba wai a kunne yake dare da rana ba. Wanda ke da famfo a gida ba ya barinsa a buɗe don kawai ruwa na zuwa.

A bugu na biyar na littattafan wasan, na 2014, Oni na da layar zana da baduhu ba adadi, wannan gaskiya ne. Amma dukansu biyu sai ya tattara hankalinsa a kansu, kuma doka ta ce irin wannan tsafi ɗaya ake riƙewa a lokaci guda. Ya ɗauki baduhu, layar zana ta faɗi. Ita kanta layar awa ɗaya take yi, kuma da ya kai sara ta warware. In yana so ya wuni ya kwana a ɓace, sai ya sake karanta surkullensa da baki sau 24. Wa ya ga ɓarawon da ke tsayawa duk awa yana waƙa?

Akwai dodon da zan yarda masa. Rakshasa, dodo mai kan damisa, na sauya kama duk sanda ya so, sauyin na awa ɗaya ne, ba ya cin hankali, kuma a cikin mutane yake zaune. In ya saki fuskarsa ta damisa asirinsa ya tonu, don haka kullum a sauye za ka same shi. Abin dubawa ke nan: me dodon yake tsoro a wannan lokacin? Mai gadin da ya ji labarin kuna tafe zai shirya. Wanda ke cin tuwo a ɗakinsa ba zai yi ba. Masu buga Pathfinder, wani wasan irin wannan, sun huta da wannan gardama, don a littafinsu an ware tsafin dindindin daban da na ganin dama. Hukuncin ƙarshe dai na mai jan wasa ne, amma ya faɗa muku tun kafin a zauna.

Maganar sayen littafi kuwa, nan ne raina ke ɓaci. Farashinsa a Amurka ya kusa dala 50. Ku juya shi zuwa sidi, kuɗinmu na Ghana, ku ɗora kuɗin jirgi da na kwastan, sannan ku gaya mini kwano nawa na wake da shinkafa ke nan. Duk don gardamar dare ɗaya! Dokokin tushe kyauta suke a intanet, kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, da kansa ya sake su, kuma maganar tattara hankali na ciki. Abin da ya fi damuna shi ne ba na gaske za ku saya ba. Za ku ga wani a WhatsApp yana cewa rabin kuɗi, a tura momo, wato kuɗi ta waya, kafin a kawo. Na taɓa faɗawa. Na tura, na je shataletalen Circle na karɓa a leda, ko buɗewa ban yi ba saboda ɗoki. A cikin trotro, motar haya, na duba: hotuna sun yi baƙi kamar an shafa gawayi, rubutun gefe an yanke shi, kafin mu kai Mamobi shafi uku sun zare daga gam. Na kira lambar, a kashe. In lallai sai kun saya, ku riƙe shi a hannu tukuna, ku buɗe tsakiya ku ja takarda a hankali, ku karanta ƙananan rubutu. Ku kuma tambayi bugun wace shekara ne, don an sabunta littafin dodanni a 2025, wasu abubuwa sun canza. Kada ku sayi sabo alhali mai jan wasanku da tsoho yake aiki.

Kawu, ɗana ya daina yawon dare, amma ina jin shi da abokansa a ɗaki suna wannan wasan, suna ambaton tsafi da aljanu. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Sabon Zango.

Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali. Wasa ne na tatsuniya, tun 1974 ake yinsa. Takarda ce da fensir da ɗan ludo, ɗaya na ba da labari, saura na cewa abin da jarumansu za su yi. Ki kai musu shayi wata rana ki ɗan zauna, za ki ji rabinsa lissafi ne da musu. Abu biyu za ki sa wa ido: kada kuɗi ya hau tebur, kada a wuce lokacin salla. In zuciyarki ba ta natsu ba, ki je da shi wurin malaminku ya nuna masa da kansa.

Kawu, wane launin ɗan ludo mai fuska 20 ne ya fi kawo sa'a? Na ga na ƙarfe, ya ninka na roba tsada. Daga Madina ta Accra.

Babu. Na ƙarfen ma teburin babarka zai kwarzane. Sayi na roba, saitin nan mai guda bakwai, ka riƙe canjinka na kuɗin mota.