Kyamara ce ke ɗaukar hoto, ko mai riƙe da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne a Agege, shekarata biyu ina ɗaukar hoto a wuraren suna da ɗaurin aure. Kyamarata Canon 600D ce ta hannu, da ɗan gilashin da ta zo da shi. Duk sanda na ɗora hotunana kusa da na manyan masu sana'ar a Instagram sai gwiwata ta yi sanyi. Wani abokina ya ce laifin kyamarar ne, in sayar in ƙara kuɗi in sayi babba. Wani kuma ya ce yanzu komai editin ne, in koyi Photoshop kawai in huta. Na tara 'yan kuɗi. Wanne ya fi muhimmanci: iyawa, kayan aiki, ko gyara a kwamfuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna, kada ka hau motar Ikeja zuwa kasuwar kayan lantarki gobe da sassafe. Iyawa ce gaba, kuma tazarar da ta ba sauran biyun mai yawa ce. Amma abokanka ba ƙarya tsagwaronta suka yi maka ba. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya ya ɗauka shi ne duka.

Bari mu tsaya a wurin da ka sani. Juma'a ce, an idar da salla, za a ɗaura aure a ƙofar masallaci wajen ƙarfe biyu da rabi. Legas tana kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, don haka a wannan lokaci ranar tana can sama a kan mutane. Ango ya sha farar shadda, babbar riga mai aiki a ƙirji, hula ta jefa masa inuwa a goshi, idanunsa sun faɗa rami biyu baƙaƙe. Ka ɗaga kyamara ka bar ta ta yi wa kanta hukunci. Na'urar auna hasken da ke cikinta an ƙera ta ne ta mayar da duk abin da ta gani zuwa tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. Da ta ga farin yadi ya cika fili sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Shadda ta fito da kyau, fuskar ango ta nutse. In kuma ka ƙara haske don fuska ta fito, aikin rigar da aka biya maɗinki kuɗi mai kauri a kansa ya ƙone ya zama farar takarda. Ko kyamarar da ta ninka taka kuɗi sau goma ka kawo, wannan rikicin za ta tarar, sai dai ta ɗan fi taka juriya.

Wanda ya iya me zai yi? Zai jira a shafa fatiha, ya matsa kusa da babban abokin ango ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah a ɗan matso nan gindin bangon, minti biyu kawai." Taku biyar, an shiga inuwa, haske ya zama mai laushi yana shigowa ta gefe, fuska da riga duk sun samu rabonsu. Wannan taku biyar ɗin ba a sayar da shi a kasuwar Computer Village ta Ikeja, ba a sayar da shi a kasuwar Alaba. Haka nan sanin cewa rumfar biki mai ja ko shuɗi tana zuba launinta a fuskar duk wanda ke ƙarƙashinta, don haka a bakin rumfar ake tsayar da mutum yana fuskantar waje.

Akwai kuma iyawar da ba ta da alaƙa da haske ko kaɗan, wadda baƙo ba zai taɓa kamo ka a cikinta ba. Ka san wane ne waliyyi, ka san lokacin da za a miƙa sadaki, ka san daƙiƙar da hannaye za su tashi sama. Wanda ya san tsarin ɗaurin aure yana tsaye a inda ya dace tun kafin abin ya faru. Ka san inda namiji ke tsayawa ya yi sallama a gidan biki, da wadda za ka nemi izininta kafin ka shiga wajen mata, da cewa akwai matan da ba sa son a ɗauke su, kuma dole a kiyaye. Tsohuwar da ta sake da kai za ta yi dariyar da ba za ta yi wa wani ba. Rabin hoton mutane a bakinka yake.

Ni kaina na sha wannan darasi da zafinsa. Farkon shigata sana'a na samu aikin wani babban aure a Idi-Araba, na raina kyamarata, na je na yi hayar wata babba daren jajibiri. Ban san maɓallanta ba. Liman na addu'a, jama'a na cewa amin, ni kuwa kaina na sunkuye ina laluben inda ake sauya saiti. Kafin in ɗago an watse ana gaisawa. Hotunan da na kai wa masu biki tas suke, sai dai babu ɗaurin auren a ciki. Kayan aro ba ya rufe katara, ranar na gane.

Tarihin sana'ar ma haka ya nuna. J.D. Okhai Ojeikere, wanda ya yi situdiyonsa a nan Legas ya kuma rasu a 2014, da ƙaramar kyamarar Brownie ya fara a 1950, akwatin da kusan babu abin da ake saitawa a jikinsa. Daga baya ya riƙe kyamarori na ƙwararru, amma abin da ya kai sunansa duniya tunani ne: daga 1968 ya duƙufa ɗaukar kitson matan Najeriya, ya tara hotuna wajen dubu, yawanci daga baya ko gefe, bango fili babu tarkace. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe situdiyo a 1948, da hasken rana yake aiki a tsakar gida, zanen gado ya fara ratayawa a bayan mutane, kuma galibi sau ɗaya tak yake ɗaukar mutum saboda tsadar fim. Sau ɗaya. Dole ya gama gyara zama, da hannu, da kallo, da faɗuwar zane kafin ya danna. Photoshop kuwa sai 1990 ya fito.

To ina gaskiyar abokinka na farko? Tana cikin zauren dina. Da daddare, fitilu masu launin shuɗi da shanshanbale suna yawo, amarya na tafiya, ƙawaye na rawa, ana liƙi. Don ka daskarar da mai rawa kana buƙatar kyamara ta ƙifta da sauri, kamar kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa. Ƙiftawa da sauri na nufin haske kaɗan ne zai shiga. Sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, don cike giɓin, kuma tsohuwar kyamara irin taka, wadda ta fito a 2011, tana fara fitar da tsaki-tsaki a hoto da zarar ka haura 1600. A nan babbar kyamara mai faɗin faifan ɗaukar haske ta fi taka, babu musu. Tana kuma kama ido da sauri a cikin duhu, kuma irin su Canon 5D Mark III ko Sony A7 III suna da ramin memori biyu, suna rubuta kowane hoto sau biyu. Ranar da memori ya mutu maka da hotunan auren mutane za ka san darajar wannan, don aure ba a maimaita shi.

Sai dai ko a wannan zauren, ba jikin kyamarar ne babban cikas ɗinka ba, gilashin ne. Wanda ya zo da ita, mai milimita 18 zuwa 55, in ka jawo shi ƙarshe ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6, kuma a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce ƙofa mafi faɗi. Ɗan gilashin 50 mai f/1.8, wanda yana cikin mafi araha da Canon ke yi, yana shigo da haske kusan ninki goma na wancan. Ninki goma, a kan kyamarar da ke hannunka yanzu. Shi ne kuma zai narkar maka da bayan mutum, abin nan da kake gani a hotunan manya kana zaton tsadar kyamara ce. Aibinsa ɗaya, a kan kyamararka yana matso da abu kusa, don haka a ƙuntataccen ɗaki irin na gidajen haya na Legas za ka ja baya har ka jingina da bango, hoton taron dangi kuma sai ka koma wa tsohon gilashin. Sannan ka nemi filasha mai kai mai juyawa. Kada ka harba ta a fuska kai tsaye, goshi zai yi ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa. Juya ta sama ko gefe ta bugi farin silin ko bango ta dawo a hankali.

Batun megafiksel kuwa, wato miliyoyin ɗigogin da ke haɗa hoto, kada ya hana ka barci. Taka tana da 18. Hoton inci 8 da 10 da za a wanke da kyau bai buƙatar fiye da 7 da ɗoriya, taka za ta cika firam mai inci 12 da 18 babu wanda zai yi ƙorafi. Balle yawancin aikinka a waya zai ƙare, inda WhatsApp zai matse shi in ba a matsayin fayil ka tura ba.

Yanzu editin. Ka san masu bugun shadda? Ana kai musu riga su buge ta ta ɗauki sheƙi ta tsaya. Amma in tela ya yanka wuya a karkace, ko kwana za a yi ana bugu a karkace zai zauna. Gyara a kwamfuta bugu ne. Yana daidaita launi, yana ɗago inuwa, yana yanke gefen da ya yi yawa, yana cire ƙurji ko wayar lantarkin da ta ratsa sama. Ba ya dawo da aikin rigar da ya ƙone fari fat, don babu komai a wurin da za a dawo da shi. Ba ya mayar da hoton da ya girgiza ya zama tsayayye yadda zai gamsar. Manhajojin zamani suna ƙoƙarin ƙirƙiro abin da ya ɓace, amma ƙirƙira ce, wani lokaci ka ga ido ko haƙorin da ba na mai hoton ba.

Duk da haka ka koye shi, kuma ka fara da manhajar Lightroom kafin Photoshop, don Lightroom ɗin aka yi domin tace ɗaruruwan hotuna lokaci guda. Ka sauya kyamararka zuwa RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Hoton JPEG, irin wanda aka saba da shi, yana riƙe matakan haske 256 ne a kowane launi, RAW na kyamararka yana riƙe sama da 16,000. Wannan rarar ita ce ke ba ka damar ɗago fuskar da ta ɗan yi duhu ba tare da ta farfashe ba. Zai ci memori, ka tanadi ƙari.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka shiga sahun masu gyaran gangar Auzinawa. An wayi gari ana goge fuskar amarya har ta koma roba, a haskake ta ta zama wata daban, a manta da hannu da wuya suna nan da launinsu na asali. Na taɓa ganin uwa ta riƙe albam tana jujjuyawa, ta ce, "Yaro, hoton ya yi kyau, amma ina 'yata?" Baƙar fata tana da kyau a hoto in an ba ta haske daga gefe, ba ta buƙatar bilicin na kwamfuta. In mai biki ta nace a ƙara mata haske, ka ƙara kaɗan, ka daidaita har hannun da ke ɗauke da lalle.

Ga yadda za ka gane inda ciwonka yake, maimakon ka saurari ni ko abokanka. Buɗe hotunan bukukuwa uku na ƙarshe, ka ware ɗari daga cikin waɗanda ka ƙi ba masu su. Kowanne ka tambayi kanka me ya kashe shi. In ka yanke ƙafa ne, ko sandar lantarki ta tsiro a kan hular ango, ko ka makara, ko ka tsayar da mutum cikin tsakar rana, ko fokas ya tafi kan kujerar baya, ka sa a gefen naka. In duhu ne ya fi ƙarfin kyamarar bayan ka yi duk abin da ya kamata, ka sa a gefenta. Duk yaran da suka koyi aiki a wurina na sa su wannan, kuma tulin gefen mai ɗauka ne kullum ya fi tsayi. Ranar da tulin kyamara ya rinjaya, ranar ka cancanci sabuwa, kuma a lokacin ba za ka tambayi kowa wacce za ka saya ba, don ka san abin da ta gaza yi maka.

Kuɗin da ka tara, ga inda zan kai su da ni ne: gilashin 50, filasha, batir na biyu, memori biyu masu kyau daga shagon da ka amince da shi don jabu sun yi yawa a kasuwa, da abin ajiyar hotuna na waje domin kowane aiki ya zauna a wuri biyu. In na hannu za ka sayi gilashin, ka cire murfinsa gaba da baya, ka haska shi da tocilan waya ka leƙa. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Damshin Legas ne ke haifar da ita, musamman da damina, kuma naka ma ba zai tsira ba in kana barinsa cikin jaka a ƙarƙashin gado. Samu roba mai murfi da ke rufewa gam, ka zuba 'yan ƙullin nan masu tsotse damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa kwantar da kayanka a ciki.

Kafin biki na gaba, ka samu ƙaninka ko wani abokinka ya sa fararen kaya. Ka ɗauke shi a wuri ɗaya da ƙarfe bakwai na safe, da ƙarfe ɗaya na rana, da shida na yamma, kowane lokaci sau ɗaya a fili, sau ɗaya a inuwa, sau ɗaya a bakin ƙofa yana kallon waje. Hotuna tara ke nan. Kada ka taɓa su da komai, ka jera su a allon kwamfuta ka zauna ka kalli fuskar da rigar.