Me Ya Sa Tiwitata Ke Ƙonewa?

Tambaya: Malam, na haɗa lasifika da kaina amma tiwita, wato ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, sai ƙonewa take, sautin ma duk a cakuɗe. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa ai bes, wato sauti mai kauri, shi ne ke kashe ta, ka bar shi yana shiga kai tsaye ba mai tace sauti. Saka mata kafasita, wato ɗan kayan lantarkin da zai tare mata bes, a kan layinta, marar fulos da mainos, in tiwitar om 8 ce (om shi ne ma'aunin turjiyarta ga lantarki) kuma kana son bes da siririn sauti su rabu a 3,000Hz (Hz ma'aunin sirantakar sauti ne) to wajen maikrofarad 6.6 ya isa, ita kuma wufa, babbar lasifikar bes, in ita ma om 8 ce, ka ba ta koyil (naɗaɗɗiyar waya) na milihenri 0.42 ya tare siririn sauti. Wannan lissafin somin-taɓi ne fa, don om ɗin lasifika yana canzawa da sauti, sai ka saurara ka gyara. In tiwita ta fi wufa ƙara, resisto, mai rage ƙarfin lantarki, zai rage ta.