Tambaya da Amsa: Zane kwana uku, hutu wata biyu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 24, ina da rumfar cajin waya kusa da kasuwar Jega. Tun ina firamare nake son zane. Bara na je Birnin Kebbi na sayo littafin zane mai kauri da fensira shida, na yi wa kaina alkawarin kullum sai na zana wani abu. Kwana uku na yi. Na ɗora zane na uku a Facebook, mutum huɗu ne suka nuna sun gani, ɗaya ma ƙanena ne. Tun daga nan littafin yana ƙarƙashin katifa. Sai bayan wata biyu abin ya motsa, in yi kwana biyu in sake ajiyewa. Yaya zan yi in riƙe abin kullum? Ko dai baiwar ce ba ni da ita?

Daga mai cajin waya, Jega

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar baiwa ka jingine ta tukuna. Wanda bai cika shafi talatin ba, da wace hujja zai yanke wa kansa hukunci?

Ni littafin nan mai kauri na fara zargi. Na san irinsa: takarda fara fes, ga tsada, kana buɗewa gabanka na faɗuwa kada ka ɓata ta. Ka sayo shaddar Sallah alhali rigar zuwa gona kake buƙata. Bar shi ƙarƙashin katifar, bai ci maka komai ba. Ka nemi littafin rubutu na 'yan makaranta mafi arha, da biron da kake rubuta lambar wayoyin mutane da shi. Bayan kwalin indomi ma takarda ce. Na fi so ka fara da biro a kan fensir, domin biro ba ya goguwa. Mai fensir rabin lokacinsa a gogewa yake ƙarewa, mai biro kuwa in layi ya karkace sai ya ja wani a gefensa ya wuce gaba.

Ka yi makarantar allo ai. Da safe ka rubuta, ka biya, ka haddace, ka wanke, ka jingine allon a rana ya bushe, gobe ka sake rubutawa. Ka taɓa ganin almajirin da ya yi kuka don an wanke rubutun jiya? Tawada ta tafi, amma hannu ya riƙe abin da ya koya. Allo ɗaya tak ake yi wa zayyana a kai gida a nuna wa dangi, na ranar sauka, shi ma bayan shekaru ana rubutawa ana wankewa. Kai kuma so kake kowane shafi ya zama allon sauka. Shi ya sa kwana uku ke gajiyar da kai.

Ni ma a hannun wani dattijo na gane wannan. Jim kaɗan bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 aka mayar da ni wata makaranta a Gwandu ina koyar da zane. Abin kunya, ina koyarwa amma ni kaina na yi shekaru ban zana komai don kaina ba. Kullum jira nake a yi hutu. A unguwar da na sauka akwai wani tsoho mai zayyanar allo. Ba kullum ake kawo masa aiki ba, wani lokaci wata guda ya wuce babu mai sauka. Amma duk safiya, bayan ya gama lazimi, sai ya feƙe alƙalaminsa na kara, ya motsa tawadarsa ta gawayi da ƙaro, ya ja layuka da da'irori a wani tsohon allo da ya tsage, ya dube su, ya wanke. Na tambaye shi amfanin wahalar tunda ba mai saye. Bai ko ɗago kai ba ya ce in bai yi haka ba, ranar da aka kawo aikin hannunsa baƙo zai zama. Na koma ɗaki na ɗauki fensir, na tarar nawa hannun ya daɗe da zama baƙo. Da'ira ɗaya ta gagare ni.

To batun lokaci. Kada ka ƙara cewa "in na sami sarari". Sarari ba ya zuwa rumfar caji ya yi sallama. Ka ɗaure zanen a jikin abin da ba ka fashinsa. Tsohon nan a jikin lazimi ya ɗaure nasa. Kai kana iya ɗaurewa a jikin tayar da janareto: da zarar ya kama ka jona wayoyin farko, sai ka zauna ka ɗauki biro kafin ka taɓa taka wayar. Ko kuma da ka dawo daga sallar La'asar. Zaɓi ɗaya, kada ka riƙa canzawa. Minti goma sha biyar ya isa, in ya cika ka tsaya ko da daɗin bai ƙare ba, domin ragowar daɗin ce za ta dawo da kai gobe. Awa biyar ranar Lahadi ba ta kai minti goma sha biyar na kullum amfani ba, saboda ido da hannu da maimaici suke koyo, kuma abin da suka yi yau cikin barcin dare yake zama. Ka san hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kan ibada ya zo, amma duk mai sana'ar hannu ya san gaskiyarsa a jikinsa.

Me za ka zana? Abin da ke gabanka. Ga janareto, ga igiyoyin caja sun harɗe kamar taliya, ga buhunan albasar Aliero ana saukewa, ga baro, ga babur a jingine. Kada ka ɓata minti goma kana tunanin abin zanawa, ka zaɓi abu ɗaya ka yi mako guda a kansa. Ɗalibaina da buta nake fara su. Kowa ya san bakin buta da'ira ne, don haka ranar farko kowa da'ira yake zanawa, alhali in ka dube ta daga gefe siffar ƙwai take bayarwa. Sai wajen rana ta huɗu yaro ke daina zana abin da ya sani, ya fara zana abin da yake gani. Ka rubuta kwanan wata a ƙasan kowane shafi. Kuma in zafin Afrilu ya zo, ka sa wata takarda ƙarƙashin hannunka, in ba haka ba gumi zai dama maka aikin.

Facebook kuwa, ka yi kwana arba'in ba ka ɗora komai ba. Ba don ɗorawa laifi ne ba, sai don ka mayar da yatsun mutane albashinka, ranar da ba a biya ba ka ajiye aiki. Bayan arba'in ka jera shafin farko da na ƙarshe ka duba da idonka.

Za ka yi fashi, wannan babu makawa: zazzaɓi, biki, rasuwa, tafiya. Zane ba azumi ba ne, ba a ramuwarsa. In ka ce sai ka biya bashin kwana biyar a zama ɗaya, ba za ka zauna ba sam. Washegari ka ja ko layi biyar ne, ka rubuta kwanan wata, shi ke nan.

In ka cika littafin farko, ka yi wa kanka tukuici da tafiya Argungu. Gidan Tarihi na Kanta tsohuwar fadar sarki ce da aka gina a 1831, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958, kuma akwai makamai da ganguna da kayan kamun kifi da za ka wuni kana zanawa. Daga nan ka gangara bakin kogin Matan Fada ka zana kwalekwale da gora da homa. Bikin kamun kifin Argungu da ake yi tun 1934, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, kamun kifinsa da jama'a ke tururuwar kallo kusan awa ɗaya ne kacal. Ka tambayi duk masuncin da ka tarar yana gyaran homa kwana nawa yake shiga ruwa a shekara ba tare da kowa ya tafa masa ba.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce, ina yi wa amare lalle. In babu biki sai in yi wata biyu ban riƙe leda ba, ranar aiki hannuna ya riƙa rawa. Ina son in riƙa zane kullum, amma maigidana ya ce ba ya son zanen mai rai a gidansa.

Daga mai lalle, Tudun Wada, Gusau

AMSA: 'Yata, hukuncin zanen mai rai na malaman fiƙihu ne, ni malamin fensir ne. Amma ke da maigidan ba ku da abin saɓani a nan, domin sana'arki ba ta buƙatarsa. Ganye, fure, dagi, zanen ƙwarya, aska takwas ta gaban babbar riga, adon bangon soro, duk babu mai rai ciki, kuma sun ishe ki shekara ba ki maimaita ba.

Sai dai biro ba zai magance miki rawar hannu ba, don matsa leda daban, jan biro daban. Ki sami tayil fari guda ɗaya ko faranti na tangaran. Ki kwaɓa lalle cokali ɗaya, ki ɗura a leda, bayan yara sun tafi Islamiyya ki ja layuka madaidaita ashirin, ɗigo ashirin, sannan fure ɗaya. Ki kankare kafin ya bushe, ki mayar cikin ledar, gobe ma ya yi miki. Lokacin hunturu ki rufe shi da kyau, iskar Gusau ba ta barin kwaɓi ya kwana a buɗe.