Kafin ki saya masa kaki

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 15, yana koleji. Tun ranar da ya ga 'yan pompiye suna kashe gobara a unguwarmu ya hana ni sakat, wai sai ya shiga. Wani ya ce in kawo jika 20 kuɗin kaki da takalmi, zai sa shi cikin "ƙananan pompiye". In biya?
Wata uwa daga Zango

Amsa: Hajiya, ɗaure kuɗinki a bakin zane tukuna. Pompiye a Nijar sojoji ne, ta ƙofar ɗaukar soja ake shigarsu, kuma ɗan shekara 15 bai kai ba. Ki tura babansa ko kawunsa barikinsu ya tambaya ko sun san da wannan tsari. Ni dai wanda ya fara da zancen kaki kafin zancen horo, ba na sakin jiki da shi.

Amma kada ki kashe wa yaron gwiwa. Kai shi ofishin Kuruwa Ruj na nan Damagaram, ƙungiyar agaji da ke aiki a ƙasar nan tun 1963, ki tambayi yaushe za su yi horon taimakon gaggawa na matasa. A can zai koyi abin da manya da yawa ba su iya ba. A ce ɗan kabu-kabu ya faɗi, jama'a sun yi cincirindo, kowa na cewa a ɗaga shi a ba shi ruwa. Wanda ya samu horo shi zai hana a jijjiga wuyan mutumin, ya danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, ya sa a kira 18, lambar pompiye. Ko ƙuna: ruwa mai sanyi ake ta kwarara wa wurin kamar minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai da iyayenmu suka saba shafawa ba (Allah ya gafarta musu, da kyakkyawar niyya suke yi). Duk wanda ya ga damanar 2024, da har tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe, ya san unguwa na bukatar irin waɗannan yara.

In sayayya kike so, safar hannu ta roba, bandeji, almakashi da tocila sun ishe shi, kuɗinsu bai kai rabin abin da aka nema a wurinki ba. Sharaɗi ɗaya za ki kafa masa: horo sai lokacin hutu, jarrabawar BEPC ta gama koleji na gabansa.