Amsa: Me ya sa ba a ci gaba da gyara tsofaffin taragun jirgin birni?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa hukumomi ke sayen sababbin taragu alhali tsofaffin suna tafiya, kuma gyara ya fi araha. Abin da ya faru a birnin Washington na Amurka zai ba ka amsa.

Taragun farko na jirgin ƙasan da ke jigilar fasinja a cikin birnin sun fara aiki a 1976. Ranar 22 ga Yunin 2009, na'urar gano inda jirgi yake a kan layi ta samu matsala, wani jirgi ya afka wa wanda ke tsaye kusa da tashar Fort Totten, mutum 9 suka rasu. Taragon gaba na jirgin da ya afka ɗin, wanda yake cikin tsofaffin nan, ya murƙushe har ya haye kan ɗayan jirgin, domin gangar jikinsa ba ta da ƙarfin jure karo. Wannan aibi ne da sauya birki ko kujeru ba ya magancewa, shi ya sa hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta nemi a janye su.

Kamfanin Kawasaki ya ƙera sababbi 748, suka fara ɗaukar fasinja a 2015, aka sallami tsofaffin a 2017.

Sai dai ina jan hankalinka, sabo ma yana da nasa ciwon. A Oktoban 2021 wani sabon tarago ya sauka daga layi saboda ƙafafunsa sun buɗe a kan sandar da ke riƙe da su, aka dakatar da dukkan 748 ɗin, fasinjoji suka yi watanni suna dogon jira a tashoshi.